Famfon Alwala a Ɗakin Inji

Aikina a Doha sa hannu ne. In tsofaffi suka tambaye ni a gida, a Zariya, sai in ce musu injiniyan jirgin ruwa ne ni, don su ji daɗi, amma gaskiyar magana abin da kamfaninmu yake sayarwa shi ne sa hannun mutum bakwai, ina ɗaya daga cikinsu. Jirgi ba ya barin tasha sai da takardunsa. Cikin takardun akwai wadda ke shaida cewa jirgin yana da kayan da za su hana shi zubar da mai a teku, kuma kayan suna aiki. Shekara biyar take yi a sabunta ta, kowace shekara kuma a leƙa. Ni ne mai leƙawar. In na sa hannu jirgi ya tafi, in na ƙi ya zauna, kyaftin ya yi ta huci har ya gaji. In kuwa na sa hannu a kan abin da ba haka yake ba, ranar da aka gano an karɓe hatimina ke nan, kafil, wato mai ɗaukar nauyin zamana a ƙasar, ya soke biza, in kwashi mace da yara uku daga unguwar Madinat Khalifa mu koma inda muka fito. Babu wani kamfanin jiragen ruwa da zai sake duba takardar neman aikina.

Kayan ba su da yawa. Kowane ɗakin inji yana tara ruwa a can ƙasansa, ruwan gishiri da ke tsiyaya, da na wanke-wanke, da baƙin mai da ke ɗiga ta ko'ina, su haɗu su zama wani ƙazamin romo mai wari. Ba a yarda a tura shi teku haka ba. Sai ya bi ta cikin injin tacewa, wanda muke ce wa safareta, ya ware mai gefe, ruwa gefe. A hanyar fita akwai wata 'yar mita a jikin bango, ba ta wuce kwalin sukari ba, ana ɗibar mata kaɗan daga ruwan ta wani siririn bututu tana dubawa. In man da ya rage ya haura kashi goma sha biyar cikin miliyan, sai ta yi ƙara, ta rufe hanyar teku, ta mayar da ruwan cikin jirgi. Duk tsaron a wuyan wannan mitar yake, ita kuma abin da aka kawo mata kaɗai take gani.

Kafin bututun ya shiga mitar akwai makunni mai hanya biyu. In mariƙinsa yana sama, ruwan safareta take sha. In aka kwantar da shi gefe, ruwan daɗi ne ke zuwa daga tankin sha, don a wanke mata ido in ta yi dauɗa. Wankin minti biyu ne, a mayar. A sababbin jirage, kana kwantar da shi mitar da kanta za ta rufe hanyar teku. Tsofaffi ba su da wannan dabara, sai dai a ɗaure mariƙin da waya a manna dalma. Mutumin da ya koya min aiki, wani tsoho mai faɗan tsiya, ya sa min doka ɗaya a kai: kowane bututu ka bi shi da hannunka daga inda ya taso zuwa inda ya ƙare, kada ka yarda da ido, kada ka yarda da bakin kowa. Shekara tara ina bin wannan doka, har ma'aikatan jirage suka sa min sunan banza a kai.

Wanda bai zauna a Doha ba ba zai gane me ya sa ake tsananta wannan magana ba. Garin ba kogi, ba rafi. Ruwan da ke zuba a famfon kicin ɗinmu, wanda matata ke dama wa yara kunu da shi, teku ne aka cire wa gishiri.

A cikin watan Agusta aka tura ni tsohuwar tasha, in sabunta takardar wani jirgi mai kai kaya wuraren haƙar mai a cikin teku. Tsohon jirgi ne, ya girmi aurena nesa ba kusa ba. Zafin ranar ba a magana, ga gumin teku da ke sa riga ta manne wa mutum tun kafin ya fito daga mota. Cif ɗin injiniyoyi wani Bature ne da bai fi wata huɗu da hawa jirgin ba. Ya tarbe ni a ofishinsa mai sanyi, ya shimfiɗa min littafin da ake rubuta duk motsin mai a ciki, yana ta yabon safaretarsa. Ya ce tun da ya zo mitar ba ta yi ƙara ko sau ɗaya ba. Na ce madalla. Ni da na san tsohuwar safareta ba ta yin sati ba ta yi kuka ba, na ce madalla.

Ina sauka tsani na uku zuwa ɗakin inji sai na ji wani yana yi wa janareto faɗa da Hausa. Yana ce masa ɗan banza, mara kunya, jiya-jiya aka canza maka mai. Na tsaya cak. Wata uku ban ji Hausa a wurin aiki ba. Na yi sallama da ƙarfi don ta fi ƙarar inji, sai ga wani dattijo ya leƙo daga bayan janareton, gemu fari fat, hannu baƙi ƙirin, yana ɗingishi. Fita ne, mai gyaran bututu da famfuna, mutumin zangon Takoradi a Gana. Ya fi shekara talatin a teku. Ma'aikatan jirgin Haji suke ce masa, ni kuwa tun daga gaisuwar farko bakina ya kama Baba, shi kuma ya kama ɗana. Ya tambayi iyayena, ya tambayi yara, ya yi min tsiya cewa mutumin Zariya da ko kududdufin kirki bai sani ba shi ne zai koya wa 'yan bakin teku aikin ruwa. Na rama da cewa a Hausarsu ta zango mace ma "ya zo" ake ce mata, "ya tafi". Muka yi dariya kamar mun shekara tare.

Muna cikin duba tankuna azahar ta yi. Na ɗaga kai na dubi tsanin nan huɗu da zan hau kafin in kai banɗaki, sai Baba ya ce in biyo shi. Ya kai ni lungun safareta. A nan, daidai ƙarƙashin mitar, akwai wani ɗan famfon tagulla mai sheƙi, da 'yar kujerar katako, da silifas, da buta koriya a rataye. Ya ce shi ya haɗa da hannunsa tun da gwiwa ta fara ba shi wahala, don hawa da sauka sau biyar a rana ya fi ƙarfinsa, yanzu har sauran Musulmin ɗakin inji nan suke alwala. Yana faɗa yana murmushi irin na wanda ya gina masallaci.

Na zauna. Na kwance takalman aiki, irin masu ƙarfe a baki da kamfani ke rubuta wa kowa lambarsa da farin fenti a dunduniya, na tura su gefe da safa a ciki. Ruwan ya zubo da sanyinsa, fes. A cikin wannan wutar, wallahi har cikin raina na ji shi. Na yi alwala a tsanake, goshina bai fi taki ɗaya daga bututun mitar ba, na yi wa Baba addu'a, muka yi salla a kan kwali, shi ya ja.

Da muka idar, tun ina cikin silifas ɗinsa na ɗauki hotunan wurin don fayil. Aka tada safareta, mita ta nuna sifili. Na danna maɓallin gwaji, ta yi ƙara, hanyar teku ta rufe yadda ya kamata. Saura in bi siririn bututun da hannu. Na ɗaga hannun ma. Baba yana tsaye a gefena, ya dafa safaretar ya ce shi yake kula da ita kamar 'yar cikinsa, ba wanda ke taɓa ta sai shi. To yaya zan yi? Dattijon da yanzu-yanzu na bi salla a bayansa, ruwansa bai bushe a gemuna ba, in hau lalube masa bututu a gabansa kamar na kama ɓarawo? Da Bature ne ko Ba'indiye da ko a jikina. Kunya ta kama ni, irin wadda aka dasa mana tun muna yara. Na mayar da hannun aljihu. Na hau sama na sa hannu, shekara biyar.

Wata biyar bayan nan, ranar wata Talata da safe, na shiga ofishinmu a Al Mirqab na tarar ba mai hira. Manajanmu ya tara mu ya ce masunta sun ga shimfiɗar mai a kan ruwa, ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba, a kan hanyar da jiragen kai kaya ke bi, kuma iska tana turo shi wajen gaɓa. Ba malala ce babba ba, ɗigo ne na wanda ya daɗe yana yi. Hukuma ta ɗebi samfurin man, tana bin jirage ɗaya bayan ɗaya tana ɗibar na cikinsu don a gwada. Ya karanto sunayen jiragen da ke ɗauke da takardarmu. Na huɗu shi ne na Baba. An tsare shi a tasha sai sakamako ya fito.

Ban ji komai ba a lokacin, har shayi na haɗa. Sai da na zauna na buɗe fayil ɗin a kwamfuta, don kawai in tabbatar komai na nan, na zo kan hoto na goma sha huɗu. Ga mita tana nuna sifilinta. Ga makunni. Mariƙin a kwance yake gefe, ba waya, ba dalma, kuma a jikinsa aka rataye butar nan koriya. Na bi bututun da ido a kan gilashin kwamfuta, abin da ya kamata in yi da hannu wata biyar baya. Baba ya yanka shi ne tsakanin makunni da mita ya dasa famfonsa. Ruwan daɗi ba zai zo famfon ba sai an kwantar da mariƙin. Mutanen da ke alwala sau biyar a rana kuwa, wa zai tsaya yana tayarwa yana kwantarwa? Sun bar shi a kwance, har ya zama maratayi. Mitar nan wata da watanni ruwan sha take dubawa tana cewa lafiya lau, safareta kuma tana tura wa teku duk abin da ta ga dama.

Na rufe hoton, na sake buɗewa, kamar zai canza. Abokin aikina na tebur na gaba ya tambaye ni ko lafiya, na ce masa ulsa ce.

Kwana uku ina yawo da abin a ciki. Na fara rubuta rahoto sau biyu ina gogewa. A gida na zama masifaffe, ƙaramar 'yata ta bar famfon banɗaki a buɗe na yi mata tsawar da sai da uwarta ta fito daga kicin tana kallona. Kowane kira ya shigo wayata sai in ɗauka hukuma ce. Da safe in zan tafi aiki nakan bi ta bakin teku, a kwanakin nan sai na canza hanya.

Ranar Juma'a na nemi Baba. Tun ranar haɗuwarmu ya gaya min in jirginsu yana tasha, bayan masallaci yakan je unguwar Fereej Abdel Aziz wurin mutanen garinsu masu gadi da tuƙi, su shida a ɗaki ɗaya, gadaje a kan gadaje. Na same su sun kewaye tire na shinkafa da wake irin nasu, da baƙin yajin nan da suke ce wa shito. Ya yi murna da ganina, ya matsa min wuri, dole na sa hannu na ci loma uku. Sannan na ce ina son ganinsa a waje.

Muka tsaya a inuwar wani shagon gyaran taya da ke rufe. Na nuna masa hoton a waya. Ya duba ya ce ai famfonsa ne, ya yi kyau a hoto. Sai da na zana masa da makullin mota a kan ƙurar wata mota: ga safareta, ga makunni, ga mita, ga famfo. Shi mai gyaran bututu ne, ba a taɓa zaunar da shi an gaya masa me mitar take yi ba, a wurinsa akwatin lantarki ce ta injiniyoyi. Amma ya san ruwa, ya san inda yake bi. Ban kai ƙarshen zanen ba na ga fuskarsa ta sauya. Ya nemi wuri a kan wata tsohuwar taya ya zauna, ya miƙe ƙafar nan mai ciwo.

Ni na fara kawo maganar, ba zan ɗora wa kowa ba. Na ce masa masu bincike ba za su shiga ɗakin inji ba sai ranar Lahadi. Ya koma yau ya cire famfon, ya sa sabon bututu, ya tayar da mariƙin, ni zan san yadda za a yi da waya da dalma. Shi ke nan, ba wanda ya ji, ba wanda ya gani. Ina faɗa ina jin ƙyamar bakina, amma na faɗa har ƙarshe.

Bai ko dube ni ba. Ya tambaye ni ko alwalar da suka yi ta yi. Na ce ta yi mana, Baba, ruwan mai tsarki ne, daga tankin sha yake.

Ya ce, "Na san wannan, ɗana. Wanda na zuba wa mutane fa? Ina wanke fuskata, ina zuba musu baƙin mai a abin shansu. Sau biyar a rana."

Na ce ai bai sani ba. Ya ce yanzu ya sani. Ya ce ba zai cire komai ba, gobe da safe zai je wurin kyaftin da ƙafarsa. Na fara yi masa lissafin abin da zai biyo baya, littafinsa na aikin teku da bai taɓa samun tabo ba, da shekara ɗayan da ta rage masa ya ajiye aiki da mutuncinsa. Ya ɗaga min hannu ya katse ni. Ya ce in koma ciki in ƙarasa abincina.

Ranar Lahadi aka kira ni jirgin, tunda sa hannuna ne a kan takardar. Masu bincike biyu ne, da kyaftin, da cif ɗin da ya yi jawur kamar gauta, da ni, da Baba, a cunkushe a lungun safareta. An buɗe cikinta, matatar ta toshe da baƙin mai har ta daskare, wari ya cika wurin. Famfon yana nan, kujerar tana nan, butar ma ba a taɓa ta ba. Baba ya yi bayani da Turancinsa na jirgi, bai rage komai ba, bai kuma sa sunan ko ɗaya daga cikin masu alwalar ba. Babban mai binciken, mutum mai sanyin murya, ya rubuta, ya rubuta, sannan ya juyo gare ni. Ya tambaye ni ko ranar da na zo dubawa na ga wannan famfo.

Kafin in buɗe baki Baba ya amsa. Ya ce ranar ya tare wurin da jikinsa da kwalaye, mai dubawa bai iso nan ba. Sannan ya sunkuya kamar zai gyara igiyar takalmi, ya ce da Hausa, a hankali, ba tare da ya kalle ni ba:

"Yi shiru. Kana da yara ƙanana."

Na yi shiru. Mai binciken ya jira ni, ya ɗan jima yana jira, na ɗaga kafaɗa kawai. Ya rubuta wani abu ya wuce. Na daɗe ina gaya wa kaina cewa babba ne ya ba ni umarni na bi, kamar yadda aka tarbiyyantar da ni. Ƙarya nake yi. A watan Agusta kunya ce ta hana ni ɗaga hannu, wannan na yarda. Ranar Lahadin nan tsoro ne, tsoron biza da makarantar yara da komawa Zariya hannu Rabbana. Na ji daɗi da ya ce in yi shiru, kuma har yau ina jin haushin wannan daɗin.

Aka soke takardar jirgin, aka sa masa sabuwar mita irin mai rufe kanta. Ni aka ba ni takardar gargaɗi a kan rashin lura da dalma, aka tura ni kwas na sati ɗaya, na dawo na ci gaba da sa hannu. Baba aka sauke shi daga jirgin, aka rubuta abin da aka rubuta a littafinsa, cikin kwana goma aka sa shi a jirgin sama. Na je Fereej Abdel Aziz ranar da na ji zai tafi, na tarar ya riga ya wuce tun da hantsi. Wani direba ɗan ɗakinsu ya ba ni lambar wayarsa ta gida a bayan takardar kanti. Ya ce Baba ya ce a gaishe ni, a gaida yara. Takardar tana cikin walat ɗina, ta yi laushi, ban taɓa kira ba.

Tun daga nan ban sake barin bututu ban bi shi da hannu ba, ko na uban wa ne. Amma wannan ba ya biyan komai. In na buɗe famfo a gida zan yi alwala, sai na tara ruwan a tafi na shinshina tukuna. Matata ta gani ta gaji, ta daina tambaya.

Bayan tafiyar Baba da kamar wata guda na sake buɗe fayil ɗin. Fayilolinmu in an rufe su ba a gogewa, ba a canzawa, suna nan a ajiye muddin jirgin yana kan ruwa, kuma duk wanda zai sake duba jirgin yana da ikon buɗewa. An ba masu binciken kwafinsa tun ranar farko. Na je hoto na goma sha huɗu. A karon farko mariƙin kawai na gani, tsoro bai bar ni na kalli sauran ba. Wannan karon na sauke ido ƙasa. A kusurwar hagu, gefen kujerar katako, a kan ƙarfen da ke jiƙe da ruwa, ga takalman aiki guda biyu da safa a cikinsu. Dunduniyarsu tana fuskantar kyamara, farin fentin ya fito raɗau, ana karanta lambar ba sai an ƙara girman hoton ba.

Lambata ce.